Kada a Taɓa

A Yamai, a zauren nuni mai farin bango,
sun rataye zanenmu da ƙusa huɗu,
sun haska masa fitila kamar marar lafiya a gadon likita,
sun liƙa ƴar takarda a gefensa:
Kada a taɓa.

Na karanta, na tura hannuna cikin mayafi.
Har yau akwai baba a ƙarƙashin farcena,
sabulu ya yi iyakarsa, ya haƙura.

Kada a taɓa?
Mu tara muka taɓa shi a Tawa,
ƙarƙashin dogon yaron bayan gidana,
inda nake zaunar da su a tabarma bayan la'asar.
Hurera ta zana layi da gawayi.
Agaisha ta bi da allura,
tana ɗinki tana ja, tana ja tana ƙulli,
har ƙyalle mai kamu shida ya tsuke
ya koma kamar hanjin rago.
Illo ya ɗauko ruwa jarka ashirin
yana mita, wai shi ɗinkin keke ya zo koyo.

Ɓawon albasar Galmi muka share a kasuwa,
masu buhu na dariya, wai yunwa ce.
Muka dafa shi, ya ba mu ruwan zuma.
Karan dafi ya ba da ja.
Bagaruwa da tsatsar tsohon kwano
suka kwana tare, suka haifi baƙi.
Baba kuwa sai da lallashi:
toka, kwana bakwai, da sanda,
ana motsawa ana shinshinawa.
Ranar da muka tsamo, Agaisha ta ce ya ɓaci,
ga shi kore shar kamar miyar kuka.
Na ce ki riƙe shi sama, ki yi shiru.
Iska ta zo ta yi aikinta,
kore ya juya shuɗi a hannunta
tana kallo, baki buɗe.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne warwara.
Wata biyu kana ɗinki,
rana ɗaya a ba ka reza a ce tsinke duka.
Hurera ta yi kuka.
Na ce, zaren ba ado ba ne, mai gadi ne.
Inda ya tsare, rini bai shiga ba,
farin da ya bari, shi ne zanen.

Can ƙasa, wajen hagu, layi ya karkace.
Ranar ce aka kira Agaisha a waya
aka ce yayanta ya isa Agadas lafiya.
Hannunta ya yi rawa, ban sa ta gyara ba.
Yanzu ga wani mai tabarau ya tsaya a wurin,
yana gaya wa abokinsa da Faransanci
wai nan ne mai aikin ta karya ƙa'ida da gangan.
Na bar shi da saninsa.

Da magariba zaure ya watse.
Wata tsohuwa ta shigo da tsintsiya da bokiti,
Bibata, haka mai gadi ya kira ta.
Ta share ƙasa har gindin zanen,
ta dubi ƙofa, ta dubi takardar da ba ta iya karantawa,
ta goge hannu a zanenta,
ta kama gefen namu, ta murza,
ta kai hanci.

Ta ce, tokarku ta ɗan yi yawa.
Uwata tana da tukunya uku a Dosso.

Na fito da hannuna daga mayafi.
Ta kama, ta juya shi, ta dubi farcen,
ta yi dariya da sauran haƙoranta.
Muka tsaya nan, ni da ita,
kowa da gefe ɗaya a hannu,
har mai gadi ya kashe fitila.