Rabin Ƙwaya

Ni ke da kyamis ɗin nan na Rafindadi,
wanda ya jingina da rumfar mai faci.
Ƙarƙashin kanta akwai wani jan littafi
da ba na son buɗewa a gaban mutane.
Shafi na tara na Baba Abashe ne,
mai gyaran agogo tun agogo na da daraja,
kafin waya ta zo ta haɗiye masa sana'a
ta bar shi da akwatin gilashi
da ƙusoshi ƙanana kamar tsabar gero.

Hawan jini ne ya fara yi masa sallama,
sai ga suga, baƙon da ya zo da ɗan rakiya.
Likita ya rubuta: ɗaya da safe, ɗaya da dare.
Bai rubuta inda za a samo kuɗin ba.

Wata Laraba na iske shi a dakali,
ya maƙala madubin aikinsa a ido ɗaya,
ya kwantar da ƙwaya bisa murfin gwangwani
yana tsaga ta da reza, numfashi a riƙe.
Na ce, Baba, lafiya?
Ya ce, "Wata nake ƙara wa tsawo, ɗana.
Na sha biyar zai kai ni talatin.
Agogon da ke latti ai ya fi wanda ya tsaya."

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.

Bayan babbar salla rediyo ya yi shela:
tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi su je a rubuta su,
gwamnati ta ɗauke musu kuɗin magani.
Ya sa hular Juma'a ranar Talata.
Aka tambaye shi shekarar haihuwa,
ya ce shekarar da rijiyar gidansu ta rufta.
Yarinyar ta yi murmushi, ta yanka masa saba'in da huɗu.
Sau uku na'ura tana ƙin yatsansa,
murza ƙarfe ya shafe zanen tuntuni.
A na huɗu ta haƙura.

Koren kati, da hotonsa ido a zare.
Ya sa shi a leda, ya sa ledar a wata leda,
ya zo ya nuna mini kamar takardar fili.

Wata uku ban ga ƙeyarsa ba.
Ban taɓa murnar rasa mai ciniki ba sai a kansa.
Kumburin ƙafa ya sace,
aka ce da ƙafa yake zuwa Ƙofar Soro ya dawo,
har yana aiko jikarsa Tabawa da ɗari biyar-biyar
a rage wa shafi na tara nauyi.

A wata na huɗu, da la'asar sakaliya,
sai ga inuwarsa a bakin ƙofa.
"Na jinin akwai, na sugar an ce ya ƙare.
Mota na hanya. Tun Litinin waccan take hanya,
ban san daga wace duniya ta taso ba."
Bai zagi kowa ba.
Ya ce an kyauta, kuma gaskiya an kyauta,
wanda ya ba ka rabi ya fi wanda ya ba ka haƙuri.
Sai dai ciwo ba ya jiran mota.

Ya kwance agogon hannunsa,
wanda ko a ranar jana'izar matarsa bai cire ba,
ya ajiye kan kanta: "Riƙe wannan."
Fatar wurin fara fat, kamar ba tasa ba.

Na tura masa abinsa.
Na jawo jan littafi, na ƙirga ƙwaya talatin cif.
Na ce, sharaɗina ɗaya, Baba,
jinginar da nake so tana aljihunka na gaba.
Ya dube ni, ya dubi titi,
ya laluba, ya zaro rezar
a naɗe cikin takardar likita.

Tana nan a shafi na tara, ta fara tsatsa.
Kullum na ji ƙugin babbar mota ta Ƙofar Ƙaura
sai in ɗaga kai.