Ido Goma Sha Bakwai a Mashigar Kadikoy

Shida saura kwata jirgin ruwa ya taɓa gaɓa,
mutum ɗari huɗu suka zubo kamar an kwance bakin buhu.
Sevgül tana sama, a ɗakin da babu taga,
shayinta ya huce cikin ɗan kofi mai tsukakken ƙugu.

Kyamara goma sha bakwai ta dasa a mashigar nan,
ba ta naɗa ko ɗaya shugaba ba.
Kowace tsaginta kawai take gani,
ta yi kirdado, ta raɗa wa maƙwabciya:
"Mai jar hula, lamba tamanin da ɗaya, ya nufi gabas,
taku biyu a daƙiƙa, amma ban rantse ba."
Ta kusa ta karɓa, ta gauraya da nata ganin,
ta tankaɗe shakka, ta miƙa gaba,
har bakinsu ya zo ɗaya.

Sai ginshiƙi ya shiga tsakani.
Daƙiƙa uku babu idon da ya gan shi.
Lissafi bai zauna ba,
ya zana da'ira a inda ya kamata ya ɓullo,
da'irar tana kumbura kamar ƙullin da ya kwana.

Ya ɓullo. Amma su biyu ne.
Jar hula nan, jar hula can,
sun gitta juna gaban mai burodin riɗi.
Ta tara ta ce na hagu,
ta goma ta ce atafau na dama.
Sevgül ta ɗora yatsa kan maɓalli, ba ta danna ba.

Can ta sha biyu,
wadda gishirin teku ya cinye wa rabin gilashi,
wadda aka rubuta za a cire ranar Litinin,
ta sa baki a hankali:
"Fuska ba na gani.
Amma namu yana jan ƙafar hagu."

Zancen ya bi waya, ido zuwa ido,
da'ira ta tsuke ta koma ɗigo.

Shi bai san an yi gardama a kansa ba.
Ya sayi burodi, ya gutsura wa tsuntsayen teku rabi,
ya fice ta ƙofar kasuwa, lambarsa ta goge.

Sevgül ta jawo takardar Litinin,
ta ja layi a kan sha biyu,
ta kurɓi shayin da sanyinsa.
Wani jirgin yana ta busa daga tsallake.