Wa Ya Ba Su Lambar Benigno?

Ƙarfe uku na dare ake sauke kifi a Navotas.
Ni Luzviminda, shekara goma sha tara ina nan,
hannuna ya saba da ƙanƙara fiye da zoben aure.
Ƙarni ya zauna mini a jiki, ban damu ba,
na gumina ne, sabulu na iya masa.

Ran da zazzaɓi ya kwantar da Maricris
asibiti suka ce peso dubu huɗu kafin gado.
Wata a layi ta nuna mini manhaja:
ba jingina, ba shaidu, ba zuwa ofis,
minti goma kuɗi na cikin waya.

Sai tambayoyi, da ƙananan baƙaƙe.
Kin yarda mu ga sunayen da kika ajiye?
Na yarda.
Hotuna fa? Na yarda.
Inda kike kwana? Na yarda.
Uwar da 'yarta ke ƙuna a kan benci
ba ta karanta shafi goma sha biyu.
Babban yatsana, da ɓawon kifi manne a farce,
shi ya buɗe musu ƙofa har ƙurya.

Guguwa ta zo, jirage suka ɗaure a gaɓa.
Ba kifi, ba ciniki. Na makara da kwana shida.

Ran na bakwai waya ta hau rawa tun kafin asuba.
Ba ni suka nema ba.
Mutum ɗari biyu da tamanin da ɗaya suka nema:
malamar su Maricris,
mai ƙanƙarar da nake bi canji,
ƙanwata da ke goge tayil a Hong Kong,
fadan cocinmu,
har ungozomar da ta yanke cibiyar 'yata.
Kowa ya samu fuskata,
wadda na ɗauka da katin shaida ƙarƙashin haɓa,
an rubuta ɓarauniya da ja a goshi.

Na shiga kasuwa, bakuna suka rufe kamar kawa.
Masu gaishe ni suka hau ƙirga kwanduna.
An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
nawa ne aka zaro aka shanya a igiya.

Akwai lamba guda da ban taɓa gogewa ba.
Benigno. Shekara biyar ke nan teku na riƙe da shi.
Ashe kamfani ya sayar da layin, ban sani ba.
Da daddare saƙo ya shigo da sunansa.
Na zauna a kan bokiti, ƙafa ta ƙi ɗauka ta.

"Baiwar Allah, ban san ki ba.
Sunana Isagani, ina jan keke mai ƙafa uku a Malabon.
Sun turo mini hotonki.
Ni ma bara sun yi mini wannan wanka.
Kada ki goge komai, ɗauki hoton kowane saƙo.
Shiga saiti ki ƙwace izinin da kika ba su.
Akwai ofishin da ke karɓar ƙara,
ran Litinin ba na fita aiki, sai in raka ki."

Mun je. Mun cike takarda. An ce za a duba.
Na biya dubu huɗun da ruwan da ya hau kai.
Suna kuwa, ban ga tagar da ake fansarsa ba.

Maricris ta warke, ita ke karanta mini ƙananan baƙaƙe,
in ta ce a'a, in danna a'a.
Lambar nan har yau Benigno take a wurina,
ban iya canja mata suna ba.

Gobe ƙarfe uku ina bakin teburina.
Mai saye ya miƙo kuɗi, in miƙa kifi.
In bashi yake so, in rubuta a bayan kwali.
Shekara goma sha tara,
ban taɓa tambayar kowa sunan uwarsa ba.