Waya da Waya

Shagona taku huɗu ne a kan uku,
a wani lungu na Porto mai gangarawa kogi.
In babbar mota ta wuce, ƙananan notina
sukan yi rawa a cikin faranti.

Ran Talata, ana yayyafi,
Ermelinda ta shigo da durowa.
Durowar sukutum nake nufi:
ta zaro ta daga cikin tebur,
ta rungumo ta a ƙirji tun daga bakin ruwa,
ta dire a gabana tana haki.

Na leƙa.
Igiyoyin caji, baƙaƙe da farare,
sun cukurkuɗe kamar komar da ta kwana a hadari.
Ga mai faffaɗan baki, ga mai tsinin allura,
ga wata mai haƙora jere
wadda ni kaina sai da na yi tunani.

"Na Custódio ne," in ji ta.
"Shekara arba'in yana kamun kifi,
bai taɓa yar da guntun igiya ba.
Cewa yake igiya ba ta mutuwa,
zama take ta jira ranarta."

Sai ta kwance hankici.
Wata 'yar waya, lambobinta sun goge,
gishirin teku ya ci gefenta.
"Muryarsa na ciki. Damina uku ba ta kawo wuta ba.
Duk na gwada, ɗaya bayan ɗaya.
In ka ce ta mutu, ka faɗa min a hankali."

Na warware, na ƙirga: ashirin da uku.
Waya biyar kacal mutumin ya riƙe a duniya.
Kowane kamfani ya sassaƙa ƙofarsa,
ya hana maƙwabci aron mabuɗi,
mu kuma muka yi ta saye,
muna cika durowa da jan ƙarfen
da wani ya shiga rami ya haƙo.

Na sa tabarau, na ɗauki allura,
na shiga bakin wayar a sannu.
Zaren aljihu ya fito. Yashi ya fito.
Daga can ƙurya,
ɓawon kifi guda, ƙanƙane, yana sheƙi.

Batirin ya kumbura kamar burodi.
Na kwance noti huɗu, babu gam,
Allah ya yi wa maƙerinta albarka.
Na sa wani daga akwatin tsofaffi,
igiya ta bakwai ta shige ɗas.

Muka jira.
Ruwa na ɗiga daga lemarta.

Gilashin ya yi kore.
Sai ga shi, da ƙarar inji a bayansa:
"Linda, kar ki jira ni, ki ci abincinki.
Af, kin ga cajata kuwa?
Na duba durowa, ban gane wacce ce ba."

Ta yi dariya har ta dafa kanta,
dariyar ta juye, na juya baya
na shiga neman abin da ban ɓatar ba.

Na kwafe muryar zuwa sabuwar wayarta,
irin ta yanzu, mai baki ɗaya
da na jikarta, da na fitilar kekena,
wanda ko a duhu ka soka, ya shiga,
babu sama, babu ƙasa.
"Da ya ga wannan," in ji ta, "da ya yi fushi.
Me zai tara?"

Kuɗin batir na karɓa, ban da na allura.
Ta ɗauki igiya biyu, tsohuwa da sabuwa,
ta rungumi durowar, yanzu fayau,
ta tsaya a ƙofa tana kallon cikinta.

Ashirin da biyun na rataye a ƙusa.
Mai kwasar jan ƙarfe yana zuwa Juma'a.
Juma'a uku ke nan yana tambaya,
ina ce masa ya dawo.