Zanzaro a Ƙarƙashin Birki

Ranar Laraba Baba Jatau ya aiko
wai in zo Dakace da jakar aikina,
ƙaramar tantan ɗinsa ta daina riƙe gudu,
gwiwarsa ta dama kuma ta daina yafewa.

Na san motar, ja ce, ta sha hannu,
da rubutu a jikinta wanda ba mai iya karantawa.
Akwai maɓalli a gefen sitiyari,
in ka taka feda ta kai inda ranka ke so
sai ka danna, ka ɗauke ƙafa,
ta yi ta bin kunya ita kaɗai
kamar jakin da ya san gida, ba ya jiran korawa.

Yanzu ka danna, ka ɗauke ƙafa, ta tsaya cik
a tsakiyar gona tana gurnani.
"Ilu," in ji shi, "saba'in da uku nake ja.
Kadada huɗu da ƙafa a danne.
Da dare sai in rungume gwiwar nan kamar jariri,
ni da ita babu mai rintsawa."

Na ciro fiyus na ɗaga shi ga rana,
zarensa lafiya lau.
Na sa ƙwan gwaji a bayan maɓalli, ya kawo wuta.
Na shimfiɗa buhun taki na kwanta rigingine,
taɓon fadamar Galma yana ratso rigata,
na bi waya da yatsa ɗaya bayan ɗaya
ko ɓera ya yi kalaci da ita. Babu gutsurawa.

Saura mayen ƙarfen da ke kama feda.
Na ja masa wuta kai tsaye daga batir,
ƙas! ya cafke sifanar hannuna.
To, shi ma da ransa.
La'asar ta kawo jiki, gumi ya cika min ido,
na fara lissafi a zuci:
in babu kayan a Sabon Gari sai Kaduna,
kuɗin mota, kuɗin wuni, da ɗan abin ɗorawa.

Sai ga Kande, jikarsa, da ƙwaryar fura.
Ta tsuguna tana leƙen inda ban leƙa ba.
"Malam, wani abu yana shiga can yana fita."
Na ce yarinya, matsa, mai zai ɓata miki zane.
Ba ta matsa ba. Ta ci gaba da nunawa.

Zanzaro ce.
Ta gina ɗakinta na laka a kan makunnin birki,
ta danne ɗan harshensa, ya kasa dawowa.
Mota tana jin kamar an taka birki,
ita kuwa tun daga inda aka ƙera ta an yi mata huɗuba:
da an taka birki, ki saki.
Kwana tara tana bin umarni
mu muna ta zaginta da lalacewa.

Na sa bakin sukudireba na ɓare ginin.
Tsutsotsi kore guda shida suka zubo,
guzurin 'ya'yan da ba su kai ga fitowa ba.
Na hure, na ɗiga kananzir, harshe ya yi tsalle.

Baba Jatau ya hau da bismilla,
ya taka, ya danna, ya ɗaga ƙafar a hankali
ya miƙe ta a kan murfin taya,
mota ta nufi gindin ɗorawa ba ko tangarɗa,
daga nesa ina jin dariyarsa tana tashi sama da ƙarar inji.

"Nawa ne?" Na ce a tambayi Kande.
Ya ɗaure min damin ɗanyar masara a bayan babur.
Ina tayarwa na hango ta, bakinta cike da sabuwar laka,
tana kewaya inda ɗakin yake ɗazu,
tana ta kewayawa.