Hisabin Masu Kulki

Kakar wasa ta ƙare a cikin wayata
ranar da muka gama ɗaurin gero a Andaza.
Na jingina da rumbu, caji saura tara,
ina yi wa masu kulki hisabi.

Wanda na raɗa wa Sallau
ya tsallakar da ƙwallo shinge sau ashirin da bakwai.
Tanimu ba ƙarfi, amma ba ya dawowa hannu rabbana.
Barau kuwa iska ya yi ta duka
kamar mai korar jan-baki a fadama.

Inna ta leƙo: "Da wa kake faɗa?"
Na ce yarana ne.
"Su zo su taya ka jidar dami mana."

Barau dai ban sallame shi ba.
Ni ma bana gyaɗata ba ta yi ba.