Masauki

A saman shagon tela, a Aboabo ta Kumasi,
mu uku ne da fanka ɗaya mai tari.
Wata takwas muna gina wasan waya:
yarinya mai tallan koko za ta ratsa Kejetiya
kafin kokon ya huce.

Injin wasan ni na gina, da C++,
tubali kan tubali, ba ya son taɓi.
In Habsatu ta ce, "Mai kifin nan ta yi saurin tsawa,"
sai in kwance, in sake harhaɗawa,
minti goma sha ɗaya muna kallon allo
kamar masu jiran mota ta cika.
Ran Talata wuta ta ɗauke a minti na goma.
Ofori bai ce uffan ba. Ya sauka sayen gyaɗa.

To, baƙo muke nema:
ƙaramin harshe da zai zauna cikin injin,
Habsatu ta yi masa magana da kanta,
ta ƙara kuɗin koko, ta sa akuya ta tsallaka titi,
ba sai ta tashe ni daga barci ba.

Kakana mai masauki ne a zamanin fataucin goro.
Yakan ce, kafin ka ba baƙo ɗaki dubi kayansa,
in ka ba shi, ƙirga ƙofofin da ka bari a buɗe.

Ofori Python yake so. Kowa ya san shi, in ji shi.
Gaskiya ne. Sai dai ya zo da akwati bisa akwati,
da 'yan rakiya, kowa da tabarmarsa,
wayar ƙanwata kuwa, mai fasasshen gilashi,
sai ta goge hoto kafin ta ɗauki wani.

JavaScript ya kwana biyu a wurinmu.
Akwai baki, akwai iya ciniki,
amma haɗa masa lamba ɗaya da rubutun ɗaya,
ya miƙo maka sha ɗaya, ko kunya babu.

Ni ma a ɓoye na fara ƙirƙirar nawa.
Har suna na raɗa masa. Dare huɗu.
Habsatu ta leƙo ta ce, "Wasa muke yi ko haihuwa?"
Na rufe.

Sai Lua, ɗan ƙunshinsa a hammata.
An ce sunansa wata ke nan
a bakin mutanen Burazil da suka raine shi.
Shi ma da halinsa: daga ɗaya yake ƙirga,
injina kuwa daga sifili.
Daren farko akuya ta ɓace,
aka tsinci mai kifi a kan rufin mota.
Ofori ya yi dariya har ya ƙware.
Habsatu ta ce, "Laifin injinka ne.
Uwata ba ta taɓa ƙirga ƙosai daga babu ba."

Ban ce ya fi kowa ba.
Ɗakinmu ne ƙarami, shi kuma ya shige.
Na ba shi zaure da ƙofa uku:
motsi, magana, kuɗi.
Makullin rumbu yana aljihuna.

Yau da sassafe, ina kwance a benci,
na ji tana danne-danne.
Layi ɗaya ta sauya. Mai kifi ta jira,
ta jira,
sannan ta daka tsawa daidai lokacin.
A ƙasa keken tela ya fara.
Ofori yana ta gunaguni game da Python.
Na juya na ja mayafi.